Alhaji Raji, Mai Duba Kunnen Sarki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 9 ga Maris, 1976, Allah Ya karɓi ran Alhaji Raji na Rijiyar Lemo, mai sayen tsofaffin kuɗin azurfa, bayan gajeriyar jinya. Ni Kyari direba nake wannan rubutu, ni da na bar makaranta a aji uku bisa amincewar dukkan malamaina, don haka a yi haƙuri da alƙalamin.

Alhaji, wautata ce ta haɗa mu. Shekarar da naira ta shigo na tono wata fataka, sule biyun nan na azurfa, da mahaifiyata ta bari. Ta yi baƙi. Na ce ai ba a kai kaya kasuwa da dauɗa, na samu toka da lemun tsami na dirje ta har tana kashe ido, yarana suna yi mini tafi. Na kawo maka ina taƙama. Ka riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, ka sa gilashinka mai ƙara girman abu, ka daɗe kana kallon kan sarkin da ke jikinta, sannan ka ce, "Malam Kyari, me Sarkin Ingila ya yi maka ka aske masa gemu?" Ashe baƙin da na kankare shi ne shekarunta, shi masu tarawa ke saye. Ka ƙi karɓa. Ka ce in kai wa 'yata Yagana, a wurinka fatakar ta mutu, amma a hannun jikar mai ita tana nan da ranta.

Tun daga ranar na zama ɗan benci a rumfarka. Ina kawo surutu, kana koya mini ido. A duba kunnen Sarki da duwatsun kambinsa, nan ke fara cinyewa. A juya a duba ganyen bishiyar da ke bayan kuɗin, a bi tsagin gefe. Wadda hannu bai taɓa gogewa ba ka kira ta amarya. Mai bi mata ta ga kasuwa, sai wadda ta sha hannu, sai gwaggo, wadda ba ta da sauran miji sai maƙeri. Da kuɗin man fetur suka cika gari, Turawan kwangila suna neman tsaraba, kowace gwaggo a Fagge ta zama amarya a bakin dillalai. Ban da rumfarka. Na ga tsohuwa ta kawo maka sule a ƙullin zani tana roƙon a auna mata a farashin narkarwa, ka ce, "Inna, zauna tukuna, ba ki san abin da kika ɗauko ba." Na ce maka a haka ba za ka taɓa sayen Marsandi ba. Ka ce ai kana da direba, motar ce kawai ta rage.

Bara yanar ido ta fara rufe maka gani. Ba ka faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Sai ka riƙa miƙo mini gilashin kana cewa, "Duba mu ga ko ka koyi wani abu." Muka bar shi a kan jarrabawa ce.

Ranar da na tafi Nguru kai atamfofin kasuwar Kwari, Mista Cyprian na Sabon Gari ya zo rumfarka. Tsohon akawun jirgin ƙasa ne, wanda ya dawo bayan yaƙin basasa ya tarar babu ko ɗaya cikin kuɗaɗen da ya tara tun yana saurayi, ya soma daga farko. Ka sayar masa da fatakar 1913 a matsayin amarya. Da na biya ta gidansa daga baya ya nuna mini ita yana murna, na ga wani ɗan tabo a saman kambin. An taɓa huda ta an rataya a wuyan wata, maƙeri ya toshe. Na ce, "Madalla," na dawo.

Kana gadon jinya na gaya maka. Ka ce, "Je ka faɗa masa, ka karɓo ta. Ka ce idon Raji ne ya yi ƙarya, ba bakinsa ba." Na je gidansa ba sau ɗaya ba, Alhaji. In sha lemo, in ba shi dariya, in tashi. A duk Kano ba a taɓa jin ka saɓa a kan azurfa ba, na kasa zama bakin farko. Ka tambaye ni, na ce bai dawo daga tafiya ba.

A zaman makoki Mista Cyprian ya zo ya zauna a tabarma cikin mutane, yana share ido, ya ce mutumin nan bai taɓa kiran abu da sunan da ba nasa ba. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ƙasa na duba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa hannun da ya riƙe amanar mutane ya karɓi littafinsa ta dama. Iyalan Alhaji, Hajiya Fausat, Tajudeen, Sadiat, da dukkan jama'ar Rijiyar Lemo, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu.

Saƙonka yana wuyana. Gobe bayan sadakar bakwai zan ari gilashinka wurin Hajiya in tafi Sabon Gari. Ba zan karɓi lemo ba, ba zan zauna ba sai na faɗa.