Kwana Shida a Bechem Ina Koyon Ɗaurin Goro

Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Moshi Zango, unguwarmu a Kumasi, a watan Janairu na 1970. Maigidana Alhaji Musa, ɗan kasuwar goro, shi ya aike ni Bechem koyon aiki. Mai ɗaura mana goro, Baba Sule, ya bi ayarin baƙi marasa takardar zama da gwamnati ta kora, ya bar ƙasar tun Disamba. Na karɓi aikinsa da rawar jiki, huhu goma sha biyun da na fara ɗaurawa kuwa duk suka ruɓe a hanya. Alhaji ya ce in aka sake, zai rufe shago ya sallame mu, mu biyar.

Na hau lori a tashar Sofoline ƙarfe biyar da kwata, kuɗin mota sidi ɗaya. A shingen Abuakwa ɗan sanda ya juya takardar haihuwata gaba da baya, ya miƙo mini. Direba ya yi dariya ya ce, "Kai ka ji tsoro paa!" wato sosai. Ban musa ba. A Mankranso muka sha koko da ƙosai. Ƙarfe tara muka shiga Bechem, kusan mil hamsin.

Na sauka a zango, unguwar baƙi, gidan Mame Adiza, tsohuwar da ta tsufa a cikin goro. Ta dubi hannuna ta ce, "Ɗana, wannan hannu ya cika sauri."

Talata

Mun wuni muna ɓare goro muna wankewa, muna fitar da mai sankara, wato wanda tsutsa ta huda. Da la'asar na ɗauko ganye zan fara ɗauri, ta buge mini hannu. Ta zuba goron a kwando tsirara, ta ɗan rufa ganyen ayaba a kai, ta jawo kujera ta zauna.

"Mama, yaushe za mu ɗaure?"

"In ya gama gumi. Kwana huɗu, ko biyar."

Nan take na tuna. Haka Baba Sule yake yi: ya zauna gaban kwanduna kwana da kwanaki, ya tashi ya juya, ya koma ya zauna. Ni kuwa sau biyu ina kai ƙararsa wurin Alhaji cewa lalaci ne, har aka rage masa albashi.

Laraba zuwa Asabar

Safe da yamma muna juya goro, tana sa ni in cusa hannu cikin kwando in ji ɗuminsa. Abincinmu doya da miyar ganye, wata rana shinkafa da wake. Zaman ya ishe ni, amma ban ƙara tambaya ba, kunya ta hana ni. Ran Asabar ɗumi ya sauka, goro ya bushe yana sheƙi. Na ɗaure huhu uku, ta kwance biyu, ta bar ɗaya. Ta ce, "Wannan zai kai Kano."

Lahadi

Na taso ƙarfe bakwai, na iso Kumasi sha ɗaya saura. Kai tsaye na wuce shago. Na tarar da Alhaji da sabon goro jibge, yana neman mota ta gobe. Na ce masa sai bayan kwana biyar, na faɗi dalili. Ya yarda, ya ce a bar shago a buɗe.

Sannan na durƙusa na ce, "Alhaji, Baba Sule ba malalaci ba ne. Aikin ke nan yake yi. Ni na zalunce shi."

Ya sa na tashi. Can ya ce, "Sai mu aika masa haƙƙinsa. Wane gari ne nasu?"

Shekara tara muna cin tuwo kwano ɗaya da mutumin nan, ban taɓa tambayarsa ba. Alhaji ma bai sani ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mame Adiza. Wanda duk ya san inda Baba Sule mai ɗaurin goro yake, don Allah ya gaya masa Idi na Moshi Zango yana roƙon gafara.