Dattijon da ke Hira da Tsintsiya

Kafin jirgin farko ya iso, Baba Ƙararrawa ya riga ya goge bencuna huɗun da ke gefen famfo, ya share gindin gada, ya ɗaga kai ya gwada agogon bango da na hannunsa. In suka saɓa, na bangon ne ya yi ƙarya. Daga nan sai ya koma gindin gadar da ya gama sharewa, ya ci gaba da jan tsintsiya a wurin da babu ko tsinke, yana yi mata magana da ƙarfi. Baƙo ya gani sai ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Mutanen tashar sun san ba haka ba ne.

Shekara talatin da shida ke nan da ya fara aiki a wannan tasha ta bayan gari. A lokacin ba ta wuce rumfar kwano da benci ɗaya ba, gonaki gabas da yamma, jirgi biyu a wuni. An rataye guntun ƙarfen dogo a jikin wata bishiya, shi ke buga shi in jirgi ya kusa, daga nan laƙabin ya bi shi har sunansa na yanka ya ɓace. A gabansa birni ya yi ta rarrafowa yana cinye gonakin. Aka shimfiɗa layi na biyu, aka gina dandamali na biyu, aka ɗora gada tsakaninsu. Jiragen ma suka kasu: akwai mai tsaye-tsaye, wanda ke sauke mutane a kasuwa da asibiti, akwai kuma mai wucewa, wanda ba ya tsayawa sai tsakiyar birni.

Ba wanda ya rubuta masa kira a cikin aikinsa. Shi ya ɗora wa kansa. Da ya buga ƙarfen sai ya ɗaga murya: "Masu asibiti da kasuwa, gefen famfo! Masu tsakiyar birni, a hau gada, gefen agogo!" Sau uku yake faɗa, ko da mutum biyu ne a tashar.

Matar da ke sayar da tikiti, wadda ta yi shekara ashirin tana jin wannan kira ta tagarta, ta taɓa tsokanarsa. "Baba, ko kurma ya haddace maganar nan. Ka bar maƙogwaronka ya huta mana."

Ya jingine tsintsiyarsa. Sai ya ba ta labarin da bai cika bayarwa ba. Yana saurayi, bai san ko baƙi ɗaya ba, aka aiko masa cewa mahaifiyarsa na asibiti. Ya je wata babbar tasha, ya tarar da alluna cike da rubutu da mutane masu sauri. Kunya ta hana shi tambaya. Ya bi bayan wani mai kama da wanda ya san hanya, jirgi ya kai shi inda bai nufa ba. Kafin ya juyo ya isa, an riga an rufe mata fuska.

"Ana cewa matambayi ba ya ɓata," in ji shi. "Gaskiya ne, 'yata. Amma ba a faɗi nauyin tambayar ba."

Bara waccan aka sabunta tashar. Aka kawo allo mai haske da ke rubuta lokutan jirage, da lasifika mai muryar wata mace da ke karanto lambar jirgi da lambar dandamali. Aka sare bishiyar, aka jefa ƙarfen a sito. Aka kuma turo sabon shugaban tasha, matashi mai ladabi da son tsari. Ya kira Baba ofis, ya ba shi kujera.

"Baba, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma yanzu ga allo, ga lasifika. Kiran nan naka yana rikita sanarwa. Daga gobe shara da goge benci kawai."

"Ranka ya daɗe, lasifikar ta san inda famfo yake?"

Shugaban ya yi dariya, ya ce doka ce daga sama. Baba ya ce to.

Kwana tara ya yi bakinsa a rufe. A na tara akwai wani tsohon tela da ke kai matarsa asibiti ganin likitan ƙoda, mutum mai kamala, kullum rigarsa a goge. Ranar an sauya wa jiragen gefe saboda gyaran layi, an kuma rubuta haka a allo. Tela ya riƙo hannun matarsa suka shiga na gefen famfo kamar yadda suka saba. Mai wucewa ne. Suna kallo ta taga ya wuce ƙofar asibitin. Da suka dawo likita ya tashi, aka ba su wata rana sai bayan mako uku, ita kuwa ƙafafunta a kumbure.

Da yamma tela ya sauko, ya tsaya gaban Baba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, yau ban ji ka ba."

Mai tikiti ta ce ba ta taɓa ganin Baba ya zauna a bakin aiki ba sai ranar.

Washegari ya roƙi shugaban ya ara masa minti goma, ya kai shi gindin gada. "Ranka ya daɗe, kada ka dubi allo. Dubi mutane. Ka ga waccan mai jaka? Ta ɗaga kai, ta karanta, ta wuce. To dubi dattijon can. Ba allo yake kallo ba, ƙafafun mutane yake kallo, yana neman wanda zai bi. Ga wata can tana gyara ɗaurin kayan da ba su kwance ba. Jira take wani ya ambaci asibiti."

"Su tambaya mana, Baba. Ga ni, ga ma'aikata."

"Mai jikoki bakwai zai tare ka cikin jama'a ya ce bai iya karatu ba? Gara masa ya ɓata."

Shugaban ya koma ofis. Dokar dai bai janye ba, don ba shi ya kafa ta ba. Shi kuwa Baba an hana shi kira, amma ba a hana shi hira da kayan aikinsa ba. Tun daga ranar, in jirgi ya kusa, sai ya sunkuya a gindin gada yana shara. "Ke tsintsiya, yi sauri mana. Ga na asibiti nan zai shigo gefen agogo yau, ba gefen famfo ba. Kin ji ko? Gefen agogo." Sai ka ga mutum uku, huɗu sun ɗauki kayansu sun hau gada, kai a sama, kamar dama sun sani.

Mai tikiti takan leƙo ta ce, "Baba, amaryar taka ba ta amsawa ne?"

"Shi ya sa muka daɗe tare."

Shugaban yana ji daga ofis. Bai taɓa fitowa ya hana ba.

Baba, kai ne ka gane cewa nuna hanya ba shi da wuya, wuyar ita ce a nuna wa mutum ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kai ne ka yarda a ɗauke ka tsoho mai sambatu don kada a gane wani bai iya karatu ba. Garkuwar masu kunya, ba ka taɓa kallon ɗayansu ido cikin ido don ya san ka gane shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ka taimaka har yau suna zaton sa'a ce suka yi.

Ranar Alhamis da ta wuce ya yi ritaya. Abin da ya dame shi a makon ba rabuwa da tasha ba ne. Ya gaya wa mai tikiti cewa mai sharar da za a kawo na kamfani ne, da inji zai zo, ya gama ya tafi tun kafin jirgin farko. "Inji kuwa ba a hira da shi."

Ranar Litinin ya kasa zama a gida. Ya zo cikin kayan gida, ba tsintsiya, ya zauna a bencin ƙarshe. Jirgin ƙarfe takwas ya kusa. Ya hango tela da matarsa a gindin gada, an sake sauya gefe, tela yana kallon ƙafafun mutane. Baba ya dafa benci zai miƙe.

Sai ga shugaban tasha ya fito daga ofis. Ya zo gindin gada ya tsaya, ya kai agogon hannunsa kusa da kunne ya girgiza shi, ya ce da ƙarfi, "Kai agogon nan, kana latti. Ga na asibiti nan zai shigo gefen agogo, ba gefen famfo ba. Gefen agogo." Tela ya riƙo hannun matarsa suka hau gada.

Baba ya koma ya zauna. Da shugaban ya zo wucewa ya gaishe shi, sai Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, sau uku ake faɗa."

Mun gode, Baba Ƙararrawa. Allah ya hutar da maƙogwaronka, ya jiƙan wadda rasuwarta ta koya maka wannan aiki. Mu kuma da muka iya karanta allo, a tasha ne, a asibiti ne ko a ofis, mu riƙa duba gefenmu. In muka ga wani yana kallon ƙafafun mutane, kada mu jira ya tambaya. Mu sami tsintsiyar da za mu gaya wa.