Komai da Sunan Alhaji

Mahaifina baduku ne a Kasuwar Kurmi. Shi da abokan sana'arsa suna da ƙungiyar gama kai, kuma da kuɗin adashensu suka sayi rumfa da keken ɗinkin fata, wanda duk ya samu aikin jaka ko takalmi sai ya hau. Abincin gidanmu daga kan keken nan yake fitowa.

Ina shekarar ƙarshe a karatun akanta ma'aikatan haraji suka fara zagaya kasuwa, suna neman kowace ƙungiya ta kawo shaidar rajista da bayanin abin da ta mallaka. Baba ya ce ai ga ɗan boko a gida. Aka tura ni unguwar Madabo wurin shugabansu, dattijon da kowa ke kira Alhaji, in haɗa takardun.

Na same shi a zaure kan buzu, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da ya ɗinka da hannunsa ba ya shiga. Ya turo mini jakar takardu yana numfashi da ƙyar. Shaidar sayen rumfa da sunansa take. Rasitin keke ma haka, asusun banki ma haka. Ƙungiyar kuwa ba a taɓa yi mata rajista ba. Ba wanda ya ɓoye wannan. Duk sanda aka zo rubuta suna, babu mai iya sa nasa alhali ga babba a zaune, sai a ce a sa na Alhaji.

Babban ɗansa, mai sayar da wayoyi, yana jingine a bakin ƙofa.

"Malam akanta, ka gama duba dukiyar babanmu?" in ji shi, yana dariya.

Na yi murmushi kawai, amma maganar ta bi ni har gida.

Sai da Baba ya gama cin tuwo na ce, "Baba, in ba a yi rajista an mayar da komai sunan ƙungiya ba, harajin kan Alhaji zai hau shi kaɗai. Kuma idan ta Allah ta kasance, rumfar da keken..."

"Rufe min baki. Mutum yana numfashi kana masa rabon gado?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To je ka faɗa masa. Ka ce mun ga ya kusa, muna tsoron 'ya'yansa."

Duk da haka na shirya takardar mayar da komai sunan ƙungiya, na ninke ta a aljihu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yan ƙungiya suka je dubiya, na bi su. Alhaji ne da kansa ya neme ni da ido.

"Yaro, akwai inda zan sa hannu?"

"Akwai, Alhaji," na ce, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Baba ya danne mini yatsan ƙafa.

Ma'ajin ƙungiya ya karɓe zancen. "Haba Alhaji, wane hannu? Ka warke tukuna. Tun muna yara a hannunka muka koyi riƙon basilla, yau kuma sai takarda ta shiga tsakaninmu?"

Kowa ya ce haka ne. Alhaji ya daɗe yana kallona, tafin hannunsa a buɗe kan gwiwa. Sai ɗansa ya ce likita ya hana a wahalar da shi, aka shafa fatiha aka tashi.

Bayan 'yan kwanaki na kai wa Baba saƙo kasuwa. Na tarar da ɗan Alhaji a rumfar tare da wani baƙo, suna auna faɗinta da igiya. Baƙon ya dafa keken, ya tambaya ko har da shi a cinikin. Baba yana kan keken, yana ɗinka madaurin jaka.

"Ya jikin Alhaji?" Baba ya tambaya, bai ɗago ba.

"Da sauƙi, Baba," in ji ɗan Alhaji.

A hannunsa akwai sabon kwaɗon kulle ƙofa, yana buɗe shi yana rufewa. Baba ya ƙara sunkuyar da kai, ya ci gaba da taka keken da sauri.