Ɗakin Inna a Kwamfutar Ɗantsoho

Duk mai bin Titin Koudoukou ya san rumfar Ɗantsoho, ko bai san sunansa ba. Nan ake tura wa'azi da waƙoƙi da bidiyon biki a waya. A nan unguwar Kilomita Biyar aka haife shi, amma Hausarsa ta tsofaffi ce, wadda ya tsotsa a bakin mahaifiyarsa, Inna Hauwa'u. Shi ya sa nake zuwa in zauna wurinsa in ina neman yadda tsohuwa za ta yi faɗa a wasan rediyo.

Kwamfutarsa guda ce, amma gida biyu ne a cikinta. Ƙanensa Imrana ya tsara masa haka kafin rikici ya kore shi zuwa N'Djamena. Gefen Windows na kasuwa ne, kowa ya zo da memorinsa da cutar da ke ciki a soka. Gefen Linux kuwa na gida ne, Imrana ya ce kada a taɓa soka masa komai. Can Ɗantsoho ya ajiye muryar Inna, a foldar da yake kira ɗakin Inna. A shekarunta na ƙarshe yakan aje waya kusa da tabarmarta, ta yi ta magana: hanyar da kakanni suka biyo da goro, sunayen maƙwabtansu na unguwar Yakité gida-gida, har da zagin da take yi wa kaji. Bai kwafa ko'ina ba. Ya ce ba zai sa uwarsa a memorin da ya yi yawon gari ba.

In cuta ta cika gefen kasuwa, sai ya shiga Linux ya share ta daga can. Imrana ya koya masa layi uku a baƙin allon nan da babu hoto sai rubutu: cd ka shiga ɗakin shara, ls ka ga abin da ke ciki, rm ka zubar. Ɗantsoho ɗan makarantar allo ne, ya haddace su kamar karatu. Da tafiya ta yi nisa ya daina na tsakiya. Wanda ya haddace ba ya duba allo.

Ran da abin ya faru ina wurin. An ɗauke wuta yana tsakiyar aiki a Windows, kwamfutar ta mutu. Da aka kawo, Windows ya ƙi tashi. Ya ce cuta ce, ya shiga ɗaya gefen. Mahaman, ɗan Maradi mai shagon atamfa a kusa, ya leƙo.

"Tsoho, wannan akwatin naka ya girme ni. Ka yi masa sutura mana."

"Kai da ka zo jiya, ko gaisuwar Sango, yaren garin nan, ba ka iya ba, kake faɗa mini sutura?"

"Na iya! Bara ala."

"Ji shi, kamar akuya ta shaƙe."

Muna dariya, yatsunsa na aiki, idonsa na kan Mahaman. Ya buga layin farko, ya buga na ƙarshe. Sai da ya juyo ya ga wani layin Faransanci a tsakaninsu da bai saba gani ba: babu fayil ko folda mai wannan suna.

Ya kira Imrana, ya buɗe murya muna ji.

"Yaya, rubuta pwd. Shi zai gaya maka inda kake tsaye. Me ya ce?"

Ɗantsoho ya karanto. Sunansa ne a ƙarshen layin.

"Wato kana gida. Ba ka shiga ɗakin sharar ba. Wutar da aka ɗauke ce ta bar gefen Windows a kulle, Linux bai buɗe shi ba, cd ɗinka ya bugi ƙofa ya dawo. Ba komai, in dai ba ka... Yaya, ka buga rm?"

"Na buga."

"Rubuta ls."

Ya rubuta. Allon ya sauko layi guda, bai kawo komai ba.

"Imrana, ina ɗakin Inna?"

Mahaman ya zame ya koma shagonsa.

"Kashe ta yanzu," in ji Imrana. "Kada ka sake kunnawa. Muryar na nan a kwance, sunanta kawai aka goge. Duk abin da ka yi a kai, a kanta za ka rubuta. Ka jira ni, ina da abin da zan tono ta."

"Yaushe za ka zo?"

"In Allah ya yarda."

Ɗantsoho ya lulluɓe kwamfutar da dardumar salla, ya ci gaba da buɗe rumfa kullum, ba aikin yi. Masu tura wa'azi suka koma gaba. Damina ta shigo, kwata ta cika titi, ta janye. Duk Juma'a sai ya kira N'Djamena. Yau Imrana ya ce hanya ba kyau, gobe ya ce takardu. Ran nan a gabana Ɗantsoho ya matsa masa, sai Imrana ya fashe.

"In zo in sauka ina, Yaya? Gidanmu na Yakité ko bango babu. Kai ka iya zama kana kallonsa, ni ban iya ba."

"To koya mini ta waya."

"Layi uku na koya maka, ka yar da ɗaya."

Bai ƙara kiransa ba.

Akwai mai gyara a bayan masu canji, Mustafa. Ya duba ya ce shi bai san tono ba, bai san gida biyu ba. Abin da ya iya shi ne ya wanke faifan kwamfutar gaba ɗaya ya zuba sabon Windows, gobe a koma aiki. Ɗantsoho ya ɗauko kayansa ya dawo. Bayan wata biyu matarsa ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Da safe Ɗantsoho ya ce in raka shi wurin Mustafa.

Mustafa ya jona wayoyi, ya ɗora yatsa, ya yi tambayar da yake yi wa kowa.

"Baba, akwai abin da za a ajiye a ciki?"

Na dubi Ɗantsoho. Yana naɗe dardumar, a hankali, yana daidaita bakinta.

"Na duba da kaina," ya ce. "Babu komai. Wanke."