Sudan ɗin da ban je ba

Ni mutumin Ajingi ne, kuma kafin in lalace tela ne ni mai rufin asiri a bakin kasuwa. Allah ya ba ni zaƙin baki, shi ne ya kusa halaka ni.

Wata Juma'a na ga wani ɗalibi zai tafi karatu Sudan, jama'a suna ta haɗa masa guzuri kamar yadda aka saba yi wa mai fita neman ilimi ko wa'azi. Na ce a raina, yau ga sana'a ba zare ba allura! Na fara gwadawa a ƙauyen Toranke, na ce wa'azi zan fita. Da na ji daɗin abin, sai na miƙe a masallacin Gafasa na ce Sudan na nufa. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta ba ni kuɗin, har da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta ce, “Ɗan nan, ni ban yi karatu ba. Je ka karanto, in samu ladan.”

Sudan ɗina dai Kano ce. Wata takwas ina cin tsire ina kallon ƙwallo. Da aljihu ya bushe, na sayi jallabiya da rawani na koma Gafasa neman zagaye na biyu. Aka shimfiɗa mini tabarma, gari ya taru. Inna Tabawa ta matso ta ce, “Malam, in na manta zaman tahiya na farko, ƙabli zan yi ko ba'adi?” Wato sujadar gyaran salla, kafin sallama ko bayanta. Wallahi ban sani ba. Na gyara rawani na ce, “A Sudan duka biyun ake yi.” Liman ya dube ni, ya tambayi sunan malamina, na kama in-ina. Kafin la'asar mutanen Toranke ma sun iso neman kuɗinsu. Alƙali a Gaya ya ba ni shekara biyu.

A gidan yari na tambayi malamin da ke zuwa karantar da mu ko karɓar guzurin haramun ne. Ya ce halal ne tas, mai bayarwa da mai tafiya duk suna da lada, amma amana ce: abin da aka ba ka dominsa shi za ka yi, in ka fasa ka mayar. A wurinsa na fara karatun gaske.

Da na fito, gidan Inna na fara zuwa. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Ɗan Sudan, sannu da hanya!” Ta yafe mini, amma ta ce karatunta na nan a wuyana. Na koma kan keke na yi ɗinki, na tara guzurina da kaina, na tafi karatu Zariya shekara uku.

Samari, ku ji ni: in an ba ku guzurin karatu ko wa'azi ku karɓa da farin ciki, amma ku je inda kuka ce za ku. Kada ku ci amanar mai neman lada.

Ranar da na dawo na durƙusa na ce, “Inna, ƙabli ne.”

Ta ce, “Ai tuni liman ya faɗa mini. So nake in ji daga bakin akuyata.”