Nonon da Ba a Gwada Ba

Da safiyar ranar, labarin kashin jariri nake bayarwa a ƙofar gida. Ɗana na fari yana da kwana biyu a duniya. Na ce wa maƙwabta kashinsa baƙi ƙirin ne, mai danƙo, da za a tara shi da an shimfiɗa kwalta daga Bazaga har Konni. Na ce kukansa ya tayar da liman a Illela. Suka yi ta dariya. Haka Allah ya yi ni, har yau a tasha ba mai karɓar maganata sai ya rage rabi. Amma abin da zan faɗa daga nan, ko ƙwayar gero ban ƙara ba.

Gaskiya ban ma gan shi sosai ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Leƙe ɗaya na yi: ɗan abu jajawur, hannu a dunƙule, cibiya ɗaure da zare, barci kawai yake. Matata Habsu marainiya ce, don haka a gidanmu ta haihu, a hannun Inna mahaifiyata, ungozomar ƙauyenmu. Inna ta ce haka jarirai suke, barci da kuka, fata ta yi duhu daga baya, cibiya ta faɗi kafin suna.

A wurinmu lokacin ba a ba jariri nonon farko, wannan mai kauri, rawaya, da ake kira dakashi. An ce yana kisa. Sai kwana na uku a tatsa a ƙoƙo, a jefa tururuwa. In ta fita da rai, uwa ta shayar. Kafin nan ruwan ɗumi ne da nonon akuya. Jar akuyarmu ce ke riƙe da ran ɗana.

Bazara ce, ranar kasuwar Bazaga. Maza sun watse tun hantsi. Ni na zauna faskaren itacen wankan jego.

Ƙarfe goma da kwata a agogona, na ji tau, tau, daga wajen rijiya. Na ɗauka maharbi ne. Kaji suka yi tsit. Wata mace ta kurma ihu, ihun ya yanke a tsakiya.

Ɓarayin dabbobi ne, da bindigogi, fuskoki a rufe. Har gobe ban san daga ina suka fito ba.

"Ku hito! Kowa shi kwanta!"

Rumbun maƙwabcina ya kama. Gero na fashewa a wuta, ƙas-ƙas-ƙas. Na tsinke dangar baya. Inna ta goya jaririn. Na ɗora Habsu a jaki, na rataya gora mai rabin ruwa. Na juya don akuyar. Wani ya riga ni, yana yanka igiyar.

"Bar ta!" in ji shi.

Bakin bindigar na kallon cikina. Na bar ta.

Muka faɗa busasshiyar ƙorama, muka bi ta kudu, wajen kwalta. Yashi na cin ƙafa. A bayanmu harbi uku, sannan kukan shanu yana nisa. Jaririn ya tsala kuka. Inna ta sa masa ɗan yatsa a baki.

Ƙarfe sha biyu muka laɓe a wani kwazazzabo. Hayaƙi biyu ne a sama, suka zama biyar. Inna na ɗiga masa ruwa da yatsa. Habsu ta kurɓa sau ɗaya. Da na duba, bayan jakin ya jiƙe da jini.

Kafin azahar ruwa ya ƙare.

Ƙarfe biyu muka tsaya a gindin aduwa. Kukan ya koma kamar na ɗan kyanwa. Yana juya kai, yana buɗe baki, yana lalube a ƙirjin Inna. Zanen Habsu ya yi tabo rawaya a ƙirji. Ba ta dube shi ba. Uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban suruka. Ƙasa ta kalla, ta ce, "Inna, ko a ba shi?"

"Ba a gwada ba. Sai gobe."

Inna ba muguwa ba ce. Rabin ƙauyenmu a hannunta suka faɗo, kuma tsoro take kar ta kashe jikanta da hannunta. Ni ne dai. Ni da nake tayar da liman a Illela da baki, na tsaya riƙe da igiyar jaki, ban goyi bayan Habsu ba.

Ƙarfe huɗu da rabi muka taka kwalta. Ƙafafun Inna suka ƙi. Ta kwance goyon ta miƙo mini. A nan na fara ɗaukarsa. Bai kai nauyin damin harawa ba. Jikinsa zafi rau, leɓe a bushe, maɗigarsa ta lotsa ciki. Kunnensa irin nawa ne.

Wani kamiyon siminti da ke komawa Malbaza ba kaya ya tsaya mana. Muka bar jakin a bakin hanya. Ƙarfen motar na ƙona cinya. Inna ta daɗe tana kallon yaron a hannuna. Sai ta daka tsawa ta danne ƙarar inji.

"Habsu, ba shi! Ba shi!"

Habsu ta karɓe shi, ta sa masa a baki. Ta matsa masa ɗigo a leɓe. Bai kama ba.

Mun shiga Konni ana kiran magariba. A gidan likita wata mata ta sa kunne a ƙirjinsa, ta ja zanen ta rufe fuskar.

Jandarma sun je ƙauyen, sun rubuta mutum uku, rumbu bakwai, dabbobi duka. Ɗana bai shiga takarda ba, don ba harsashi a jikinsa, ba shi kuma da suna. Inna ta ƙara shekara tara a duniya, ba ta sake yanke cibiyar kowa ba.

Washegarin zuwanmu Konni, bayan asuba, muka binne yaron, ni da baƙi biyu. Da na dawo masauki, na tarar da Habsu zaune, fuska ga bango. Kwana na uku ne. Nono ya sauko, fari, yana zuba har cinyarta.