Ƙusar Tirela a Hanyar Gwaram

Ƙarar rediyon Malam, maigidana, ce ta tashe mu da asuba. Wai wasu 'yan sama jannati sun tashi, sai ɓangaren kumbonsu da mai ya ƙare masa ya ƙi rabuwa da su. Ɗiyata Binta ta ce, "Baba, to ya za su yi?" Ya ce ɗan ɗakin da suke ciki ake ɓallewa, ya sauko da lema. Na yi musu addu'a, na ci gaba da ɗaurin kaya.

Birnin Kudu, ƙarfe shida

Ni da Binta muka shiga Landiroba ta Malam Sule direba, tana jan tirela. A tirelar aka ɗaure keken ɗinkina, da zan kai wa ƙanwata a Gwaram. Galan ɗin man gyaɗa kuwa na riƙe a cinya.

Kiyako, bakwai saura

Muka sha koko da ƙosai. Mai ƙosan ta ce, "An kwana ana ruwa a gabas, ku bi rafi a hankali."

Bakin rafi, takwas da rabi

Mun kai tsakiya tirela ta kafe a yashi. Ruwa na ƙaruwa, yana janta, ita kuma tana jan mu. Sule ya waiwayo. "Hajiya, amanarki ce a baya. Ba na yar da kayan mutum sai da bakinsa."

"Malam Sule, ruwa fa ya taɓo ƙafar yarinya! Sake tirelar!"

Ya dira, ya kama ƙusar da ta haɗa motar da tirelar. Tsatsa ta cinye ta, ko motsi. Ya buga da dutse, shiru. Ina ta salati sai na tuna abin da ke cinyata. Na miƙa masa galan ta taga, ya tuttula man a kan ƙusar, ya sake bugu. Ta fita! Ya koma mazauninsa, motar ta zabura, muka haye. Keken da na ɗinka wa Binta rigar suna da shi, ina kallo ruwa ya tafi da shi.

Gwaram da dawowa

Ƙanwata ta rungume mu, ba ta ko tambayi keke ba. Kwana biyu muka juyo, rafi ya janye. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Malam Sule. A zaure maigidana ya tare mu da albishir, 'yan sama jannatin nan ma sun sauka lafiya.

Binta ta ja zanena. "Umma, su da lema suka tsira, mu da man gyaɗa."